Darasin Ganjuwa: A Daina Cinikin Wutar Lantarki A Bayan Labule

Da zarar an idar da sallar magariba a unguwar GRA ta birnin Bauchi, kunne kaɗai ya isa ya sanar da baƙo ko akwai wuta ko babu. In an ɗauke, sai injinan janareta su kaure da ruri daga otal-otal da gidajen saukar baƙi da gidajen manyan ma'aikatan da suka ajiye aiki suka dawo gida. Gidajen da suka yi tsit kuwa, a ɗaga kai a dubi rufinsu, za a ga farantan sola a jere. Unguwa ce ta masu hali, amma ko a nan ɗin, zancen kuɗin wuta ya shiga cikin hirar ƙofar masallaci.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A ranar 3 ga Afrilu, 2024, Hukumar Kula da Harkokin Wutar Lantarki ta Ƙasa, NERC, ta ɗaga farashin yunit ɗaya ga masu rukunin A, waɗanda aka yi wa alƙawarin wutar aƙalla awa 20 a rana, daga kimanin naira 68 zuwa naira 225. Gidan da ke shan yunit 500 a wata, wanda a da yake biyan naira 34,000, ya wayi gari da lissafin naira 112,500. Ko bayan da farashin ya koma naira 209.5 a watan Yulin shekarar, kuɗin wutar irin wannan gida ya haura naira 100,000, alhali mafi ƙarancin albashi a ƙasar naira 70,000 ne.

Idan ran magidanci ya ɓaci, kan ma'aikacin Kamfanin Rarraba Wutar Lantarki na Jos, JED, yake hucewa, domin shi ne ke zuwa da tsani, shi ne ke kawo takardar bashi, kuma kamfaninsa ne ke ba jihohin Filato da Bauchi da Gombe da Binuwai wuta. Sai dai mai tsani bai san inda aka yanka farashin ba. Kaso mafi girma na kuɗin kowane yunit, kuɗin samar da wutar ne, kuma an ƙayyade shi tun a yarjejeniyar da aka ƙulla tsakanin mai tashar samar da wuta da wanda ya sayi wutar a kan sari. Irin wannan yarjejeniya takan kai shekara 20. Wanda ya sa mata hannu a ofis zai yi ritaya, gwamnati za ta sauya sau biyu ko uku, ita kuwa tana nan tana cin aljihun mai mita.

Saboda haka tambayar da ta fi cancantar a yi ita ce, ta wace hanya ake zaɓar wanda zai sayar wa kamfanin rarrabawa wuta, kuma wa ya ga yadda aka yi cinikin? Amsar da ta dace guda ɗaya ce. Kada a ƙulla wata doguwar yarjejeniyar sayen wuta sai an tallata ta, masu iyawa sun yi gasa, an buɗe tayinsu a bainar jama'a, an kuma wallafa abin da aka sa wa hannu. Jihar Bauchi ta fi kowace jiha hujjar neman haka, domin ta riga ta ɗanɗana abin da rashin gasa ke haifarwa.

Abin da ya faru a Ganjuwa

A watan Yulin 2016, kamfanin gwamnatin tarayya mai dillancin wuta a kan sari, NBET, ya sa hannu kan yarjejeniyoyi da kamfanoni 14 domin gina tashoshin samar da wuta daga hasken rana, masu jimillar ƙarfin megawat 1,125, mafi yawansu a Arewa. Ɗaya daga cikinsu, mai megawat 100, a Ƙaramar Hukumar Ganjuwa ta Jihar Bauchi aka tsara kafa ta, a hannun kamfanin Nigeria Solar Capital Partners. Akwai wasu a Katsina da Jigawa da Sakkwato da Kaduna da Filato. Farashin da aka amince da shi senti 11.5 ne na dalar Amurka a kan kowane yunit, na tsawon shekara 20. Zama aka yi da kamfanonin aka daidaita a kan wannan farashi, ba a yi gasa ba.

Makonni kaɗan kafin wannan sa hannu, ƙasar Zambiya ta bayyana sakamakon gasar da ta shirya tare da taimakon Bankin Duniya domin gina tashoshin sola guda biyu. Kamfanin da ya ci ta farko ya yi tayin senti 6.02, na biyu kuma senti 7.84. A 2018, Senegal ta bi irin wannan hanya ta samu farashin da bai kai senti 4 na kuɗin yuro ba. Da waɗannan alƙaluma suka iso Abuja, sai hankalin masu riƙe da baitulmali ya tashi. Gwamnati ta nemi a rage farashin zuwa senti 7.5 kafin ta kammala takardun lamunin da bankuna ke jira, kamfanoni suka ce an sauya magana bayan an sallama. Aka yi ta ja-in-ja har shekaru suka shuɗe. Tashoshin Zambiya biyu sun fara ba da wuta a 2019. A Ganjuwa kuwa rana na nan tana dukan fili a banza.

Adalci ne a faɗi cewa kowane ɓangare na da abin kamawa. Kamfanonin na iya cewa Zambiya ta tanadar wa masu gasa fili da rance mai sauƙi da lamuni tun kafin su yi tayi, alhali su a Najeriya sun sha wahalar neman duk waɗannan da kuɗinsu. Ma'aikatar Kuɗi ita ma na da lissafinta. Tashar sola mai megawat 100, idan aka ƙaddara tana ba da kashi ɗaya cikin biyar na cikakken ƙarfinta a tsawon shekara, kamar yadda irinsu kan yi, za ta samar da yunit miliyan 175. Bambancin senti 4 a kan wannan ya kai dala miliyan 7 a shekara, wato dala miliyan 140 a shekara 20, a tasha ɗaya tak cikin 14.

To wane ne mai gaskiya? Babu wanda zai iya rantsewa, kuma nan ne cutar take. Da gasa aka yi, ko da farashin ya fito senti 9 ko 10, jami'in da zai sa hannu zai iya nuna takarda ya ce ga masu tayi, ga abin da kowa ya kawo, wannan ne mafi sauƙi da kasuwar Najeriya ta bayar. Farashin da aka daidaita a ɗaki kuwa maraya ne. Wanda ya yanka shi ba ya nan, wanda ya gaje shi yana tsoron hukumar EFCC, kowa sai ya tura fayil gaba. Abin da aka ɗauka gajeriyar hanya ce, shi ya zama hanyar da ba ta kai ko'ina ba.

Mutanen Bauchi sun tuna da wannan rashi a watan Oktoban 2024, lokacin da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, sannan babban layin Ugwuaji zuwa Apir ya samu matsala, mafi yawan jihohin Arewa suka kwashe fiye da mako guda cikin duhu. Asibitoci suka koma kan dizal, masu niƙa da masu walda da masu sayar da ƙanƙara suka naɗe hannu. Tashar da ke kusa da gida, in an haɗa ta yadda za ta iya ciyar da yankinta, da ta rage raɗaɗin ko da da rana ne.

Ciniki ya sauya hannu

Mai karatu na iya cewa ai wannan tsohon labari ne. Abin da ya sabunta shi shi ne, mai sayen wutar ya sauya. Tun bayan Dokar Gyaran Fannin Lantarki ta 2005, wadda ta rusa NEPA ta kuma kafa NERC, da fara miƙa kamfanonin rarrabawa 11 ga 'yan kasuwa a ranar 1 ga Nuwamba, 2013, NBET ne ke tsakiya. Shi ke saye daga tashoshi ya sayar wa masu rarrabawa, domin babu mai tashar da ya yarda ya ba sababbin kamfanonin bashi kai tsaye. A watan Yulin 2024, NERC ta umarci NBET ya daina ƙulla sababbin yarjejeniyoyi, ta ce kamfanonin rarrabawa su riƙa ciniki kai tsaye da masu samar da wuta. A shekarar ce kuma ta wajabta musu su samo aƙalla kashi 10 cikin 100 na wutar da ake ware musu daga tashoshin da ke cikin yankunansu, rabin wannan kuma daga makamashi mai sabuntuwa kamar rana da ruwa.

Ga kuma sauyi na biyu. Gyaran tsarin mulkin da tsohon Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Maris na 2023, da Dokar Lantarki da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a Yunin shekarar, sun ba jihohi ikon kafa kasuwar wutarsu da hukumar da za ta kula da ita. Enugu da Ekiti da Ondo ne suka fara karɓar wannan iko a 2024, wasu suka biyo baya. Ma'anar duk wannan ita ce, cinikin da a da ake yi a tebur ɗaya a Abuja, yanzu zai warwatsu zuwa tebura da yawa, a Jos da Kano da Kaduna da Yola da fadar kowace jihar da ta kafa tata hukumar. Kusantar da ciniki ga jama'a abu ne mai kyau, amma idanun da ke sa ido ba su ƙaru da yawan teburan ba.

Me ya sa ba za a bar kamfanin rarrabawa ya yi cinikinsa yadda ya ga dama ba, tunda ɗan kasuwa ne? Domin ba da kuɗinsa yake ciniki ba. A tsarin ƙayyade farashi da NERC ke bi, abin da kamfani ya kashe wajen sayen wuta, in hukuma ta amince da shi, ana ɗora shi ne a kan masu amfani da wutar, ko kuma gwamnati ta cike giɓin da sunan tallafi. Matar da ta je kasuwar Muda Lawal da kuɗin cefanenta za ta zaga rumfa uku kafin ta sayi kwanon shinkafa, ta taya a ce albarka, ta wuce, a kira ta. Yaron da aka aika da kuɗin wani, rumfar farko zai tsaya. In kuwa mai rumfar ɗan'uwansa ne, ko tayawa ba zai yi ba. Shi kuma mai mita a GRA ko Jahun ko Yelwa ba shi da wata rumfar da zai koma, domin waya ɗaya ce ta shigo layinsu.

Batun ɗan'uwa shi ne babban haɗarin da ke tafe, kuma faɗinsa ba zargin wani kamfani ba ne. A fannin lantarkin Najeriya akwai masu jarin da ke da hannu a samarwa da rarrabawa a lokaci guda. Idan aka ce kamfanin rarrabawa ya nemo wuta daga ƙananan tashoshin yankinsa, babu abin da ya fi sauƙi kamar masu shi su kafa wani kamfani da wani suna, su sayar wa kansu wuta da tsada, ribar ta koma ɗaya aljihun, a kai wa hukuma rasit. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma toshe tsagar tun kafin a tare a gidan ya fi sauƙi.

Ma'aikacin tarayya zai yi mamakin jin cewa dokar da ta ɗaure shi ba ta kai nan ba. A ƙarƙashin Dokar Bayar da Kwangiloli ta 2007, ma'aikatar da za ta sayi motoci ko ta gina ofis sai ta tallata a jaridu, ta buɗe tayi a gaban masu sa ido, in kuɗin ya kai wani mataki ta nemi sahalewar hukumar BPP. Amma dokar ta shafi sayayyar gwamnatin tarayya ne da hukumomin da aƙalla kashi 35 cikin 100 na kuɗin aikin ya fito daga asusunta. Kamfanin rarrabawa mai saye da kuɗin da ya tara daga abokan cinikinsa ya fita daga wannan da'ira. Sai ga shi kwangilar kujerun ofis ta fi yarjejeniyar da za ta ɗaure jihohi huɗu na shekara 20 shan bincike.

Gaskiya ne akwai ƙa'ida a littafi. Dokar 2005 ta tanadi cewa sayen wuta a kan sari ya kasance a buɗe kuma ta hanyar gasa, sai inda hukuma ta ga uzuri, sannan a 2014 NERC ta fitar da ƙa'idojin sayen sabon ƙarfin samar da wuta bisa wannan manufa. Shekara biyu bayan haka aka sa hannu kan yarjejeniyoyin sola 14 ɗin nan. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa ƙofar uzuri, in aka bar ta a wangale, ta nan kowa zai bi.

Gani ga wane

Ghana ta bi ta ƙofar uzurin. A shekarun da ƙasar ta yi fama da ɗauke wuta, tsakanin 2012 da 2016, ta ƙulla yarjejeniyoyi da dama cikin gaggawa, mafi yawansu da sharaɗin ko an sha wutar ko ba a sha ba sai an biya. Zuwa 2019 ministan kuɗin ƙasar ya shaida wa majalisa cewa suna biyan fiye da dala miliyan 500 a shekara kan ƙarfin wutar da ba sa buƙata. A gida ma, an sha muhawara a Majalisar Dattawa kan irin wannan sharaɗi a yarjejeniyar tashar Azura da ke Jihar Edo. Sharaɗin kansa ba laifi ba ne, domin babu bankin da zai ba da rancen gina tasha in babu tabbacin biya. Amma tunda alƙawari ne mai nauyi haka, ya wajaba a san cewa mafi sauƙin mai tayi aka ɗaukar wa shi. Shari'ar kamfanin P&ID kuwa, wadda ta samo asali daga kwangilar iskar gas ta 2010 da aka ƙulla ba tare da gasa ba, ta kusa jawo wa Najeriya asarar kimanin dala biliyan 11, kafin wata kotun Landan ta soke hukuncin a Oktoban 2023 bisa hujjar cin hanci.

Ƙasar Filifin ta fi kama da halin da Najeriya ke shiga yanzu, domin a can kamfanonin rarrabawa ne ke sayen wutarsu kai tsaye. A 2015 ma'aikatar makamashin ƙasar ta wajabta gasa a kowace yarjejeniyar sayen wuta. Hukumar da ke kula da fannin ta ɗage ranar fara aiki da ƙa'idar, kamfanoni suka yi rige-rigen shigar da yarjejeniyoyin da suka daidaita a ɗaki kafin ƙofa ta rufe. Wata ƙungiyar masu amfani da wuta ta kai ƙara, kuma a watan Mayun 2019 Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke cewa hukumar ba ta da ikon ɗagewar, duk yarjejeniyar da aka shigar bayan 30 ga Yuni, 2015, sai ta bi ta gasa. Abin lura a nan shi ne, lokacin sauyin tsari shi ne lokacin da ake cusa kwangiloli, kuma Najeriya a irin wannan lokaci take.

Hujjojin masu ja

Masu adawa da tilasta gasa na da maganganu uku da suka cancanci amsa. Ta farko, gasa na cin lokaci, ƙasar da ke raba megawat 4,000 zuwa 5,000 ga mutum fiye da miliyan 200 kuwa ba ta da lokacin ɓatawa. Amsar tana Ganjuwa. Zambiya da ta tsaya ta shirya gasa ta kunna wutarta cikin shekara uku, Najeriya da ta yi sauri ba ta kunna ko ƙwai ɗaya ba daga tashoshin nan.

Ta biyu ta fi nauyi. Wa zai shiga gasar sayar wa wanda ba ya biya? Kamfanonin samar da wuta sun ce a 2025 suna bin bashin kimanin naira tiriliyan 4, kuma kamfanonin rarrabawa na Arewa na cikin waɗanda suka fi fama da asarar wuta a hanya da ƙarancin tara kuɗi. Wannan gaskiya ne, kuma gasa ba za ta warkar da shi ba. Abin da za ta yi shi ne ta fito da farashin cutar fili. In masu tayi suka ƙi zuwa, ko suka zo da tsada, kowa ya san cewa rashin mita da satar wuta da bashin ma'aikatun gwamnati ne suka kore su, sai a fuskanci waɗannan. A cinikin ɗaki kuwa, wanda ya yarda ya sayar wa mai bashi ya riga ya cusa ladan kasadarsa a wani saƙo na yarjejeniyar da ba kowa zai karanta ba.

Ta uku, araha ba ta ado. Wani zai karya farashi ya ci kwangila, ya kasa ginawa. Wannan ciwo ne da duk wanda ya zauna a kwamitin bayar da kwangila ya sani, kuma an san maganinsa: a tantance ƙwarewa da ƙarfin jari kafin a buɗe ambulan farashi, a karɓi kuɗin jingina mai nauyi, a sa wa'adin da in ya wuce za a ƙwace a ba na biyu. Afirka ta Kudu na bin irin wannan tsari tun 2011 a shirinta na sayen wuta daga makamashi mai sabuntuwa, kuma farashin sola ya yi ta sauka daga zagaye zuwa zagaye.

Abin da ya kamata ƙa'idar ta ƙunsa

Na farko, kowane kamfanin rarrabawa ya wallafa tsarin buƙatarsa na shekaru masu zuwa, yawan wutar da yake nema, a wane yanki, a wane lokaci, kafin ya saurari kowane mai tayi. Buƙata ce ya kamata ta kira mai sayarwa. In mai sayarwa ne ya zo da tasharsa aka ƙirƙira mata buƙata, an koma gidan Ghana.

Na biyu, kada kamfanin ya zama alƙalin gasarsa shi kaɗai. A sa mai tantancewa mai zaman kansa wanda hukuma ta amince da shi, tare da wakilan masu amfani da wuta da ƙungiyar masu masana'antu da ta injiniyoyi a matsayin shaidu. Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa na nan a cikin garin Bauchi da malaman injiniyan lantarki da za su iya karanta tayi su gane abin da ke ciki.

Na uku, duk mai tayi ya bayyana ainihin masu kamfaninsa. In akwai alaƙa tsakaninsa da masu kamfanin rarrabawa, ko da jami'in gwamnatin da abin ya shafa, a faɗa tun farko, a kuma sa iyaka ga yawan wutar da kamfani zai iya saye daga danginsa.

Na huɗu, a ƙuntata ƙofar uzuri. Sayen gaggawa kada ya wuce shekara guda, kuma kada farashinsa ya hau kan jama'a sai hukuma ta tantance. Sassaucin da akan yi wa ƙananan tashoshi kuma a tsare shi, domin ma'aikata sun san dabarar datsa babbar kwangila gida-gida don a kauce wa tallatawa, kuma dokar 2007 ta mayar da ita laifi a aikin gwamnati. In babu masu tayi aƙalla biyu na gaske, a sake tallatawa kafin a koma zaman daidaitawa.

Na biyar, a wallafa yarjejeniyar: farashi, da tsawon wa'adi, da kuɗin da za a biya da shi, naira ko dala, da wanda zai ɗauki asara in darajar naira ta faɗi, da abin da za a biya in ba a sha wutar ba. Wanda zai biya kuɗin abu shekara 20 ya cancanci ganin takardarsa. Sirrin kasuwanci na ƙarewa ne a ranar da aka buɗe ambulan.

Na ƙarshe, kuma shi ne haƙorin ƙa'idar, duk wutar da kamfani ya saya ba ta wannan hanya ba, kada hukuma ta bari a ɗora wa jama'a abin da ya haura farashin gasa. Ragowar masu hannun jari su biya daga ribarsu. Ranar da aka fara aiki da wannan, yaron aike zai koyi zaga rumfuna.

Jan hankali ga masu rubuta takardun

Waɗannan abubuwa ba a kan titi za a yanke su ba. A cikin fayil za a yanke su, a Ma'aikatar Lantarki da Ma'aikatar Kuɗi da NERC da kwamitocin majalisa, kuma kafin minista ko sanata ko gwamna ya ga takarda, wani darakta ko mataimaki na musamman ne ya tsara ta. Duk lokacin da aka kawo buƙatar lamunin gwamnati ko sassauci ga wata tashar wuta, akwai tambayoyi uku da ya kamata su hau shafin farko: an tallata, su wa suka yi tayi, kuma ina sakamakon? Jami'in da ya rubuta su ya kare jama'a, ya kuma kare kansa ranar da masu bincike za su zo.

Haka ma masu tsara dokokin lantarki na jihohi. Gwamnatin tarayya na da abin jan hankalinsu, domin har yanzu ita ke riƙe da hannun jari a kamfanonin rarrabawa, ita ke biyan tallafi, ita ce kuma ƙofar rancen manyan bankunan raya ƙasashe. Tana iya cewa duk jiha ko kamfanin da ke son ɗaya daga cikin waɗannan, sai ya karɓi mafi ƙarancin sharuɗɗan gasa iri ɗaya. Kamfani kamar JED, mai jihohi huɗu, bai kamata ya samu jihar da ƙa'idarta ta fi sako-sako ya kai cinikinsa can ba.

Yankin na da abin da za a yi gasa a kai. Ga ranar Ganjuwa, ga tashar ruwa ta Dadin Kowa mai megawat 40 a Jihar Gombe, ga ƙananan tashoshin ruwa na tsaunukan Filato, inda kamfanin NESCO ke samar da wuta tun wajen 1929, ga kuma fatan iskar gas ta Kolmani a kan iyakar Bauchi da Gombe. Masu jari za su zo, wasunsu da wasiƙar manya a aljihu. Tun ran gini ran zane, kuma ƙa'idar da ba a kafa kafin zuwansu ba, da wuya ta kafu bayan sun zauna.

Akwai kuma agogon da ke bugawa a rufin gidajen GRA. Duk gidan da ya gaji ya kafa sola da batir, kamfanin rarrabawa ya rasa ɗaya daga cikin masu biyansa a kan kari. In aka ɗaure kamfanin da yarjejeniyoyi masu tsada na shekara 20, masu hali za su ci gaba da zamewa ɗaya bayan ɗaya, nauyin ya koma kan tela a Wunti da mai niƙa a Fadamar Mada da malamin firamare a Kafin Madaki, waɗanda ba su da kuɗin farantan sola. Daraktan da ke tsara takarda yau a Abuja, wataƙila ya tanadi gidan ritayarsa a GRA, kuma zai iya sayen batir. Danginsa na cikin gari ne za su biya abin da ya bari ya wuce ta kan teburinsa.